Kek ɗin aure irin na Ingila mai hawa uku: yaya ake yin sa ba tare da barasa ba?

Sabuwar Mai Kek

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An ba ni aikin kek ɗin biki mai hawa uku, dangin amarya sun ce irin na gargajiyar Ingila suke so, wato baƙin nan mai cike da zabibi, da farin aisin, wato shafin sukari, mai tauri a jikinsa. Saura wata biyu biki. Duk tsarin da na duba sai in ga ana jiƙa zabibin da barandi, bayan an gasa ma a ci gaba da ɗiga masa har ranar ta zo, mu kuwa ba ma taɓa barasa. Da me zan maye gurbinta, kuma in na gasa yanzu zai kai ranar bai lalace ba? Me ke sa zabibi ya taru a ƙasa, sama ta ƙone alhali ciki bai nuna ba? Sannan marzifan ɗin nan, wato kwaɓin garin almon da sukari da ake lulluɓe kek da shi, dole ne, ko zan iya shafa aisin kai tsaye? Almon ya yi tsada. A taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Oben

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara cire tunanin kek ɗin da kika saba. Wannan ba ya tashi, ba a sa masa bakin foda, kuma 'ya'yan itacen da ke cikinsa sun ninka fulawa sau huɗu a nauyi. Aikin kwaɓin kawai ya riƙe su wuri guda.

Ga awo na gwangwani mai zagaye, faɗin santimita 20, zurfin 7 zuwa 8. Busassun 'ya'yan itace giram 900 da ɗoriya: ƙananan baƙin zabibin da ake kira karant giram 400, zabibi mai ruwan zinare da ake kira sultana 200, zabibi na gama-gari 200, jan ceri mai sukari 75, ɓawon lemo mai sukari 50. Sai bota giram 225, jan sukari mai duhu 225, fulawa zalla 225, manyan ƙwai 4, garin almon 50, baƙin ruwan rake mai kauri da suke kira tirikil babban cokali 1, gishiri rabin cokalin shayi, da kankararren ɓawon lemon tsami 1 da na lemon zaƙi 1. Kayan ƙamshi cokalin shayi 1 da rabi gaba ɗaya: kirfa ta fi yawa, sai gyaɗar ƙamshi da citta, kanumfari kuma ɗan kaɗan don yana danne sauran. Na santimita 15 ki raba awon nan biyu. Na santimita 25 ki yi ɗaya da rabi, wato ƙwai 6.

Idan karant ya yi wuyar samu, ki ƙara zabibi ki daddatsa shi da wuƙa. Dabino ma yana shiga da kyau, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, don yana narkewa ya sa kek ya yi danƙo. Mazarƙwaila mai tsabta, a daka a tankaɗe, tana tsayawa a madadin jan sukari da tirikil ɗin duka, kuma launin da take bayarwa daidai yake.

Maganar barandi. Abu biyu take yi wa zabibi kafin gashi: ta kumbura shi, ta ba shi ƙamshi. Baƙin shayi mai kauri da ruwan lemon zaƙi suna yin wannan. Ki haɗa mililita 100 na shayi da 50 na ruwan lemo, ki zuba a tukunya da zabibin, wuta kaɗan, minti 5 zuwa 8 kina juyawa. Ki sauke, ki rufe, ki bar shi ya kwana a firij. Da safe ki karkata tukunyar: in kin ga ruwa ya gangaro, ki tsane a rariya ki baza a kan tawul mai tsabta. Zabibin ya zama ya kumbura yana sheƙi, amma in kin damƙa kada ya jiƙa miki hannu.

Wannan ya kawo mu kan zaman zabibi a ƙasa. Dalilansa uku ne: ya shiga kwaɓi da ruwa a jikinsa, ko kwaɓin ya yi ruwa, ko an sa bakin foda kwaɓin ya yi laushi ya kasa ɗaukar nauyi. Ceri ne ya fi kowa laifi saboda ruwan sukarin da ke manne da shi. Ki raba kowanne huɗu, ki wanke da ruwan ɗumi, ki goge ya bushe sarai, ki barbaɗe shi da fulawa daga cikin awon.

Wajen kwaɓi, ki buga bota da sukari har su yi haske, sannan ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da cokalin fulawa a bayansa. Ƙwan ya zama ba daga firij ya fito ba, don sanyinsa ne ke sa bota ta tsinke ta yi gudaji. Daga nan ki ajiye injin bugu, ki koma muciya ko babban cokali, ki juya sauran fulawar da kayan ƙamshi, zabibi a ƙarshe. Alamar kaurin da ake so: ki soka cokalin katako a tsakiya, ya tsaya bai faɗi ba.

Ƙonewar sama kuwa daga wuta ne da rashin kariya. Digiri 140 ake gasa shi, in oben mai fanka ce 120, ta gas kuma lamba 1. Ki shimfiɗa takardar gashi ninki biyu a ƙasa da gefen gwangwani, ta zarce baki da kamar santimita 5. Ta waje ki naɗe gwangwanin da takarda mai kauri ruwan ƙasa ninki biyu ko uku, ki ɗaure da zaren auduga, ki tabbatar ba ta kusa da harshen wuta. Ki danna kwaɓin da bayan cokali don kada a bar rami a ciki, ki ɗan lotsa tsakiyar domin ya fito a baje. A sama ki ɗora takardar gashi mai ƙaramar huda a tsakiya. Na santimita 15 awa 3 zuwa 3 da rabi, na 20 awa 4 zuwa 4 da rabi, na 25 yana haura awa 5. Kada ki buɗe oben kafin kashi uku cikin huɗu na lokacin ya wuce. Ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito da danƙon zabibi ba komai, in da farin kwaɓi ne da saura. Ya huce a cikin gwangwaninsa har safe.

Ni a ganina ki gasa saura mako uku, ki naɗe, ya kwanta. Kek ɗin da aka yanka washegarin gashi yana marmashewa, ƙamshinsa kuma bai gama haɗuwa ba.

Baban Gidan Burodi

Awon da Anti ta bayar daidai ne, ban da abin ƙarawa a kai sai ma'aunin zafi na cikin oben. Lambar da ke jikin maɓalli sau da yawa ba ita ce ainihin zafin ciki ba, kuma bambancin digiri 20 a gashin awa 4 shi ne ke raba kek mai kyau da mai ɗacin ƙuna. In kina da ma'aunin da ake sokawa, tsakiyar kek ya kai wajen digiri 96.

Inda na ɗan saɓa da ita shi ne mako uku. Barandi tana da aiki na uku, shi ne tsare kek daga fumfuna. Shi ya sa Turawan Ingila suke gasa nasu saura wata biyu ko uku, su huhhuda shi da tsinke, duk mako ɗaya ko biyu su ɗiga masa cokali ɗaya ko biyu. Shi ya sa kuma suke iya ajiye hawan sama har ranar bikin baftismar ɗan fari; ko a 2013 an raba wani hawa na kek ɗin auren Yarima William na 2011 a bikin ɗansa George. Wannan fa da barasa ne, kuma a ƙasa mai sanyi. Naki ba barasa, ga zafin da ke haura digiri 35 a cikin ɗaki.

Saboda haka, 'yar uwa, kada ki ɗauki shayi ko ruwan lemo ki riƙa ɗiga wa gasasshen kek duk mako. Ruwa ne zalla kike ƙara masa, kuma ruwa shi fumfuna ke nema. Abin da ke tsare naki shi ne yawan sukarin da ke cikinsa da ƙarancin ruwa. In kina son saman ya yi laushi, sau ɗaya tak: ki tafasa sukari giram 50 da ruwan lemo mililita 50 na minti 2, ki shafa babban cokali 2 da buroshi lokacin da kek ya fito da zafinsa. Shi ke nan.

In wutarku tsayayya ce, ki gasa yanzu ma, ki bar shi kwana 5 a naɗe, ki sa a firiza. Wata uku ba ya yi masa komai. Ki fito da shi saura kwana 11, ya saki a cikin naɗinsa kwana guda cur don raɓar ta tsaya a jikin leda. In kuwa firizar tana narkewa tana sake daskarewa, ki haƙura da ita, ki gasa saura mako biyu.

Naɗi: takardar gashi ninki biyu tukuna, sannan foyil, sannan roba mai murfi a wuri mafi sanyi a gidan. Foyil kada ya taɓa kek kai tsaye, tsamin 'ya'yan itacen yana cin sa ya bar ɗigo-ɗigon baƙi da ɗanɗanon ƙarfe. Kuma kada a naɗe da sauran ɗumi ko kaɗan.

Tunda batun halal ne ya kawo tambayar, ki duba kwalaben ƙamshi. Ruwan banila na asali da barasa ake tatso shi, haka wasu ruwan ƙamshin almon da na lemo. Akwai haɗaɗɗen zabibi na leda da ake sayarwa an riga an jiƙa shi da barandi ko giyar ram, an rubuta a jiki. Masu cewa wuta tana ƙone barasar duka ba su yi daidai ba, wani kaso yana saura. In za ki yi amfani da fondan, wato aisin mai laushi da ake murzawa kamar kwaɓi, wajen furanni, ki duba irin jelatin da ke ciki, wato sinadarin danƙo da ake samu daga dabbobi; gilisarin kuma, ruwan da ke sa aisin laushi, ki nemi na tsirrai.

Hajiya Mai Ado

Sannunku da ƙoƙari. 'Yata, marzifan dole ne, kuma ba don daɗi kaɗai ake sa shi ba. Kek ɗin baƙi ne, ga mai, ga damshi. In kika shafa farin aisin a kansa kai tsaye, cikin kwana biyu za ki ga tabon ruwan ƙasa yana ɓullowa, kuma ba ya gyaruwa. Marzifan ne shamaki tsakaninsu, shi ne kuma ke ba ki shimfiɗaɗɗen fili da kaifin baki.

Na santimita 15 yana cin kamar giram 450, na 20 kamar 700, na 25 ya kusa kilo 1. Haɗin giram 700: garin almon 350, sukari mai laushi 175, garin sukarin da ake kira aisin shuga 175, ƙwai 1 da gwaiduwa 1, ruwan lemon tsami cokalin shayi 1. Saboda zafi ki dafa ƙwan: ki zuba shi da sukarin a kwano, ki ɗora a kan tukunyar ruwan zafi ba tare da gindin kwanon ya taɓa ruwa ba, ki buga wajen minti 10 har ya yi kauri, ya huce, sannan almon ya shiga. Ki haɗa shi a hankali. Yawan murzawa yana fito da man almon, ya yi maiƙo ya riƙa tsagewa. In kuɗin almon ya gagara, ɗanyen kashu da aka niƙa ya yi laushi yana yi. Gyaɗa kam a'a, manta ya yi yawa kuma ƙamshinta zai rufe komai.

Ki kifa kek ɗin, gindinsa ya koma sama don ya fi baje. Ramukan da zabibi ya bari ki cike su da ƙananan gutsuren marzifan, haka giɓin da ke tsakanin kek da faifansa. Ki tafasa jam na afirkot da ɗan ruwa, ki tace, ki shafa siriri. Ana zaɓar afirkot ne don launinsa ba ya nunawa kuma ɗanɗanonsa ba ya faɗa da na kek. Ki murza marzifan kaurin milimita 5 a kan aisin shuga, kada ki barbaɗa fulawa ko garin masara, suna iya tsami a ƙarƙashin aisin. Tunda royal aisin za ki yi, wato farin nan mai tauri, sama daban, gefe daban: ki yanka da'ira ki ɗora, ki yanka doguwar ɗamara ki zagaye, ki haɗe bakin da wuƙa.

Sai ki bar shi ya sha iska, an yafa masa takarda ko ƙyalle mara nauyi, kwana 3 aƙalla, a damina 5. Nan ne mutane suke gaggawa su yi asara. In kin danna da yatsa ya lotsa, bai yi ba. Man almon zai ratso aisin ya mai da shi rawaya.

Royal aisin: farin ƙwai 3, aisin shuga giram 675 da aka tankaɗe sau biyu, ruwan lemon tsami cokalin shayi 2. Garin farin ƙwai ya fi aminci in kina samu. Kwano da cokali ki goge su da lemon tsami, ɗigon mai ko na gwaiduwa ya isa ya hana shi tsayawa. Ki buga a hankali har in kin ɗaga cokali ya yi tsini mai ɗan lanƙwasa kai. Bugu da ƙarfi yana cika shi da iska, sai ki ga ƙananan ramuka a fuskar kek. Ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle da leda ya kwana, da safe ki juya da cokali. Gilisarin cokalin shayi 1 zuwa 2 yana sa wuƙa ta shige shi ba tare da ya farfashe ba. A da, lokacin da ake dasa ginshiƙai kai tsaye a kan aisin, ba a sa wa hawan ƙasa gilisarin don ya yi ƙarfin ɗaukar kaya. Yanzu da ake soka sandunan ɗaukar nauyi a cikin kek ɗin, ki sa abinki.

Shafi uku ake yi, kowanne siriri. Ki zuba a sama, ki baza da wuƙar shafi kina kai da komo don iska ta fita, ki ja doguwar rula ta ƙarfe a karkace zuwa gare ki a ja ɗaya ba tsayawa. Ya bushe awa 4 zuwa 6 kafin ki yi gefe. Kwana guda tsakanin shafi da shafi, kina kankare tudun da wuƙa mai kaifi. Na ƙarshe ki ɗan sassauta shi da ɗigon ruwa don ya kwanta sumul. Damina tana hana shi bushewa, sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Hunturu kuma yana busar da shi tun yana kan wuƙa, ga ƙura, don haka kwanon ya zauna a rufe koyaushe. Bayan an shafa kada kek ya shiga firij, raɓa tana narkar da sukarin.

Farin nan yana da asali. A da tataccen farin sukari sai mai hali, saboda haka hasken aisin yana nuna arzikin gidan amarya. Kek ɗin auren Sarauniya Victoria a 1840 da irinsa aka lulluɓe shi. Na Sarauniya Elizabeth a 1947 hawa 4 ne, tsawonsa ƙafa 9, kuma daga Ostireliya aka aiko da yawancin kayan haɗinsa domin har lokacin da kati ake rabon abinci a Birtaniya bayan yaƙi.

Wajen ɗorawa, kowane hawa da faifansa, na ƙasa mai kaurin milimita 12. Hawa ukun nan da adonsu za su doshi kilo 10. Ki soka sanduna 5 a na ƙasa, 4 a na tsakiya, a cikin da'irar da hawan sama zai rufe. Ki auna ɗaya, ki yanka sauran daidai da ita, su ɗan ɗara saman aisin da milimita 1 ko 2. In kika yanka kowacce da tsawon wurin da take, kek zai karkace. Ki huda wurin sandunan da tsinin wuƙa a hankali, ko tun aisin bai gama ƙanƙamewa ba, don kada ya tsage.

Sabuwar Mai Kek

Allah ya ƙara ilimi, na fahimta sosai. Anti, uwar amarya ta ce wasu baƙin ba sa son mai zabibi. Zan iya mai da hawa biyu na sama Victoria sponj?

Anti Mai Oben

Haɗa iri biyu ba laifi ba ne, a Ingila ma yanzu haka ake yi. Auren Yarima Harry a 2018 ma kek ɗin lemon tsami aka yanka. Amma Victoria ba ta dace da wannan aiki ba. Ita ta shan shayin la'asar ce: a auna ƙwai 4 da ɓawonsu, a sa bota da sukari da fulawa mai haɗe da bakin foda kowanne daidai wannan nauyin, a raba gwangwani biyu, digiri 180 minti 20 zuwa 25, a sa jam a tsakiya a barbaɗa sukari. A yini biyu take bushewa, kuma laushinta ba ya ɗaukar nauyin marzifan da kwanakin da royal aisin ke buƙata.

Kek ɗin Madeira za ki yi. Sunan kawai ya samo daga giyar da ake sha da shi a da, babu ita a cikin haɗin. Fulawarsa ta fi bota yawa, shi ya sa yake da jiki. Na santimita 20: bota giram 350, sukari 350, ƙwai 6, fulawa 525, bakin foda cokalin shayi 4, ɓawon lemon tsami 2. Digiri 160, awa 1 da kwata zuwa 1 da rabi. Zai yi tudu ya tsage a sama, haka halinsa yake, ki yanke tudun ki kifa shi. Na santimita 15 rabin wannan, kamar awa 1. Ki gasa saura kwana 4, ki shafa masa siririn bota-kirim, wato bota da aka buga da aisin shuga, ki rufe da farin fondan. Royal aisin ba ya zama a kan bota-kirim, man yana lalata shi. In kina son hawa ukun su zama launi ɗaya, ki rufe mai zabibin ma da fondan a kan marzifan ɗinsa, ki manna da tafasasshen ruwan da ya huce, sai ki yi zanen bakin da royal aisin.

Mai zabibi shi ne a ƙasa, kullum. Ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

In kuma masu ƙin nasa nauyinsa ne ya dame su, akwai kek ɗin Dundee na Sikotland: sultana da ɓawon lemo, zabibinsa bai kai rabin na aure ba, ana jera ɓararren almon da'ira-da'ira a samansa kafin gashi, ba ya buƙatar marzifan ko aisin. Yana kyau a ajiye shi gefe a kan tebur.

Hajiya Mai Ado

Ki gaya wa masu rabo yadda ake yanka shi, don in suka yi masa yankan kek ɗin zagayowar haihuwa ba zai isa ba, kuma ba mai iya cinye rabonsa. Ana sauke hawan, a zare sandunan, a yanka shi layi-layi kaurin santimita 2 da rabi daga gefe zuwa gefe, sannan a datsa kowane layi santimita 2 da rabi. Da wannan yankan na santimita 25 yana ba da wajen 65. Madeira ana ninka faɗin yankan. Wuƙa mai haƙora, ana goge ta da jiƙaƙƙen tawul bayan kowane layi don baƙin kada ya ɓata farin.

Zuwa wurin biki kuma kowane hawa a kwalinsa, a shimfiɗe a bayan mota a kan tawul, ba a kan cinya ko kujera ba. A can za ki ɗora su. Ki tafi da ɗan royal aisin a ledar zane da wuƙar shafi don toshe mahaɗin, da zirin ribon da zai zagaye gindin kowane hawa.